Rumbunan bayanai da ruwanmu da wutarmu: a sa musu linzami ko a sakar musu mara?

Ɗan Dala a Dublin:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya Abba ya turo hoton wani sabon rumbun adana bayanai yana cewa Allah ya kawo mana irinsa goma a Kano. Na ce amin, amma na kwana da maganar a raina, domin aikina ke nan a nan Ayilan, gyaran na'urorin da ke sanyaya irin waɗannan gine-gine. Daga waje kamar sito ne marar taga. Ciki kuwa kwamfutoci ne jere a kan kantoci, dare da rana ba a kashe su. Hotunanku na Facebook da saƙonninku da kuɗinku na banki, duk a irin wurin nan suke kwana.

A 2015 rumbunan nan kashi 5 cikin 100 na wutar ƙasar nan suke sha. A 2023 hukumar ƙididdiga ta ce sun kai kashi 21, wato sun fi dukan gidajen biranen ƙasar a haɗe, waɗanda suka sha kashi 18. Shi ya sa EirGrid, mai kula da babban layin wuta, ya ce ba zai iya jona sababbi a yankin Dublin ba sai wajen 2028. Ƙasar da ba a ɗauke wuta ke nan fa. To mu da muke kwana da fanka a tsaye, wane tanadi muka yi kafin su iso? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abba Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai ina nan a kan addu'ata. Kun manta Maris ɗin 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a wajen gaɓar Kodebuwa? Bankuna suka rikice, mutum na tsaye gaban mai POS kamar maraya. Duk abin da aka ajiye a Turai sai da ya gagare mu. Da a gida yake da abin ya zo da sauƙi. Kuma ku a Ayilan ɗin, da me kuka yi arzikin? Ba kamfanonin nan ne suka cika muku baitulmali ba? Kun ƙoshi ne kuke ce wa mai yunwa tuwon akwai tsakuwa.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri da tambayar 'yar koyo. Wuta na gane. Amma ruwa fa? Kwamfuta wanka take yi?

Mai Shayi na Kwana:
Har da alwala, Anti.

Baba Injiniya:
'Yata, tambayarki ita ce gindin maganar. Kin san randa? Ruwan cikinta yana sanyi ne saboda tana gumi, gumin yana bin iska ya tafi da zafin. Duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa, kuma dole a fitar da shi ko injin ya ƙone. Hanya mafi arha ita ce ta randa: a bi da ruwa ta hasumiya, iska ta buga shi, wani sashe ya zama tururi ya tafi sama. Wanda ya tafi ya tafi, ba ya komawa rijiya.

Bari in yi miki lissafin ɗan makaranta. Zafin yunit ɗaya na wuta, irin wanda mitar gidanki ke ƙirgawa, yana ƙafar da ruwa kusan lita ɗaya da rabi. Rumbu mai cin megawat 100 yana shan yunit miliyan 2.4 a kwana ɗaya. Idan duka da tururi za a sanyaya shi, lita miliyan 3.6 ke nan kullum. A jarka mai lita 25, jarka 144,000. Ki tambayi ɗan garuwan layinku kura nawa zai tura.

Na yi shekara talatin a aikin ruwa kafin in ajiye, kuma abin da na koya shi ne wanda ya fi kowa zurfin rijiya shi ke shan na maƙwabta, ba tare da ya tsallaka katangar kowa ba.

Maman Ilham:
Innalillahi. Baba, mu da muke tashin yara da asuba su bi layin burtsatse.

Ɗan Dala a Dublin:
Sai dai in yi adalci, Baba, a nan Ayilan ruwan bai kai wutar zafi ba. Garin da sanyi kusan duk shekara, iskar waje kawai ake jawowa, sai 'yan kwanakin zafi ake fesa ruwa. Sanyin ma yana cikin abin da ya jawo su, bayan harajin kamfanoni na kashi 12.5. Amma Kano a watan Afrilu? Iskar waje ita kanta sai an yi mata fifita.

Abba Kwamfuta:
To ai shi ke nan, akwai hanyar da ba ta shan ruwa. A zuba ruwa sau ɗaya a rufaffen bututu yana zagayawa kamar na lagireton mota. Kamfanoni da yawa sun koma haka. Me ya rage na kuka?

Baba Injiniya:
Abba, ɗana, an gudu ne ba a tsira ba. Idan ka hana randa gumi, sai ka sayi firji. Rufaffen bututun yana buƙatar manyan injinan sanyi, su kuma wuta suke ci, musamman ranar da zafi ya fi tsanani, ranar da kowa ya kunna nasa. Ka rage ruwa ka ƙara wuta, ko ka rage wuta ka ƙara ruwa. Tashar da ke ƙona gas ko gawayi ta ba ka wutar, ita ma sau da yawa da ruwa take sanyaya kanta. Don haka wani ne dole ya zauna ya ce a wannan gari wanne ya fi ƙaranci, kuma bai kamata mai rumbun ya zama alƙalin ba.

Barista Abuja:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba yawan ruwan ba ne, ɓoye lissafin ne. Akwai wani ƙaramin gari a jihar Oregon ta Amurka, The Dalles, mutanensa wajen dubu 16. Google na da rumbuna a can. Jaridar The Oregonian ta nemi a faɗa mata ruwa nawa kamfanin ke sha, sai hukumar garin ta kai jaridar kotu, wai sirrin kasuwanci ne. Ku lura, gari ne ya shiga shari'a don kada mutanen garin su san inda ruwansu ke zuwa. Sai a Disambar 2022 aka sasanta aka fitar da alƙaluman, aka ga a 2021 kamfanin ya sha galan miliyan 355, fiye da kwata na ruwan garin gaba ɗaya.

Haka aka yi a Uruguay. Sai da masu fafutuka suka bi ta kotu kafin a san cewa rumbun da Google ke shirin ginawa a Canelones zai sha lita miliyan 7.6 a rana. Kuma maganar ta ta da ƙura ne a 2023, lokacin farin da ya sa mutanen Montevideo suna buɗe famfo ruwa mai gishiri na zubowa. Daga baya kamfanin ya rage girman aikin ya koma sanyaya da iska. A Chile ma, a unguwar Cerrillos ta birnin Santiago, kotun muhalli ce a 2024 ta ce a sake duba izinin rumbun Google saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa, kamfanin ya janye zanen don ya sake shi.

Sau uku ke nan, kuma ba inda aka kori kowa. A biyu daga ciki, da lissafi ya fito fili sai aka canza zane. Ashe ana iyawa tun farko.

Abba Kwamfuta:
Ranka ya daɗe, ka kawo waɗanda suka canza zane, ba ka kawo waɗanda suka tattara suka tafi ba. Yaya Ɗan Dala ya ba mu labarin Apple mana. A 2015 suka ce za su zuba Yuro miliyan 850 a garin Athenry na Ayilan, aka yi ta jan su a kotu, a 2018 suka ce sun fasa. A Holan ma Meta ta bar aikin Zeewolde a 2022 bayan hayaniya. Singafo ta dakatar da sababbi a 2019, me ya faru? Suka tsallaka gada zuwa Johor ta Maleshiya, nan kusa. Kuɗi ba ya jiran mai dogon nazari. Mu da ko roƙonsu muke ba su zo ba, mu ne za mu fara da kafa sharuɗɗa? Kaza ba ta yi ƙwai ba ana rigimar wainar.

Ɗan Dala a Dublin:
Na Athenry gaskiya ne, kuma mutanen garin da yawa sun so aikin, har tattaki suka yi na goyon baya. Amma ka ga abin da ya kashe shi ba tsananin doka ba ne, rashin sanin makoma ne, shekara uku ana kai da komo. Mai kuɗi ya fi son a ce masa ga sharaɗi biyar, ka cika ka samu izini a wata shida, da a ce masa bismillah sannan a riƙe masa riga.

Maganar ayyukan yi kuma, Abba, ni ne a ciki. Lokacin gini ana ɗaukar ɗaruruwa, har dubbai. Da an gama, sai ka ga katafaren gini ana tafiyar da shi da mutum 'yan gomomi. Daren da nake duti, ni da abokin aikina da masu gadi ne, sai ƙarar fankoki. Masaƙa ɗaya ta Kakuri a zamaninta ta fi shi ciyar da gidaje nesa ba kusa ba.

Mai Shayi na Kwana:
Wato ko mai shayi ba zai samu ciniki a bakin get ba? To na janye ƙuri'ata.

Barista Abuja:
Kuma Abba, ka ƙarasa labarin Singafo. A 2022 ta sake buɗe ƙofa, amma da gasa: wanda ya fi iya tattalin wuta shi ake ba wa. Kamfanoni suka yi layi. Ba su yi fushi ba.

Maman Ilham:
Ni fa har yanzu ina kan aljihuna. Idan suka zo suka sha wutar, kuɗinsu za su biya. Ina ruwan takardar kuɗin wutata?

Barista Abuja:
Hajiya, nan ne wuƙar take. Idan mai cin megawat 200 ya sauka a unguwa, sai an ja sababbin manyan layuka, an kafa tashoshin rarrabawa, wani lokaci har sabuwar tashar samar da wuta. A tsarin da aka saba, kuɗin wannan aiki ana watsa shi ne a kan kowa da kowa. Sannan idan masu saye suka yi yawa kaya bai ƙaru ba, kin san yadda kasuwar Dawanau take yi.

A gabashin Amurka akwai PJM, mai kula da layin wutar jihohi 13, har da Virginia inda rumbunan suka fi yawa a duniya. Suna yin gwanjo don biyan tashoshi kuɗin zaman ko-ta-kwana. A gwanjon Yulin 2024 farashin ya tashi daga kusan dala 29 zuwa kusan dala 270 a kan kowane megawat a rana. Ba rumbunan kaɗai suka jawo ba, an rufe tsofaffin tashoshi, an kuma sauya ƙa'idojin gwanjon, amma su ne manyan sababbin bakunan da suka zauna gaban akushin. Kuɗin kuma a takardar talaka ya sauka.

Shi ya sa a 2025 hukumar kula da wuta ta jihar Ohio ta amince cewa babban rumbu ya biya aƙalla kashi 85 na wutar da ya ce a tanadar masa, ko ya sha ko bai sha ba, har tsawon shekara 12. Wanda ya sa aka yanka masa sa, ba zai ɗanɗana tsoka ɗaya ya ce ya ƙoshi a raba kuɗin ga 'yan unguwa ba.

Baba Injiniya:
Wannan doka ta yi mini. Irinta muka rasa a ruwa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa, ina bin ku a hankali. Tambayata ɗaya. Ranar da wuta ta kasa, wa ake fara yanke wa? Mu a Nijar mun ɗanɗana a Agustan 2023, da aka katse layin da ke kawo mana mafi yawan wutarmu daga Najeriya. Ranar muka gane cewa wanda ke ƙarshen waya shi ne marar gata. Idan rumbu da asibiti suna kan layi ɗaya, wa za a bar wa?

Barista Abuja:
Malam, jihar Texas ta Amurka ta amsa wannan a dokarta ta 2025: sababbin masu cin megawat 75 zuwa sama, ana iya umartar su su rage ko a cire su daga layi idan aka shiga halin gaggawa. Suna da janaretocinsu, su koma kai.

Ɗan Dala a Dublin:
Akwai ma juyin wannan, wanda mutane ba su cika sani ba. Rumbunan suna da tsoron wuta marar kyau, da ta ɗan yi rawa sai su yanke kansu su koma batir. A Yulin 2024 a Virginia wata matsala ta samu layi ɗaya, rumbuna wajen 60 suka fice lokaci guda, nauyin megawat kusan 1,500 ya ɓace cikin ƙiftawar ido. Masu kula da layi suka yi ta fama kada ya faɗi. Kamar mutum goma na ɗauke da gungume, uku su saki ba sallama. Ku auna da layinmu na ƙasa, da yake rarraba megawat dubu huɗu zuwa biyar ga mutum sama da miliyan 200, wanda kuma ya faɗi sau da dama a 2024 ba tare da taimakon kowa ba. Ayilan mai mutum miliyan biyar da 'yan kai tana haura megawat 5,500 a tsakiyar hunturu.

Abba Kwamfuta:
Yauwa, ka kawo ni inda nake so. Wa ya ce maka za su dogara da layin ƙasa? Na Legas ɗin, su Rack Centre da MainOne wadda kamfanin Equinix ya saya dala miliyan 320 a 2022, ko na Galaxy Backbone a Abuja da Kano, akwai wanda zai kwanta ya miƙe ƙafa yana jiran layin da ya bar Arewa cikin duhu kwana da kwanaki a Oktoban 2024? Kowa da janaretonsa ko tashar gas ɗinsa. Kuma ƙanana ne, ba a kwatanta su da na Virginia. Ba su taɓa muku wuta ba, ku bar kaza cikin gashinta.

Baba Injiniya:
Ƙanana ne yau. Ai shi ya sa yau ne ranar magana, ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar makamashi ta duniya ta ce a 2024 rumbunan duniya sun sha kusan kashi 1.5 na wutar duniya, kuma tana hasashen abin zai ninka ya wuce nan da 2030, saboda ƙirƙirarriyar basirar nan da kuke ta tambaya tana rubuta muku wasiƙa. Microsoft har yarjejeniya ta ƙulla a 2024 don a sake tayar da injin nukiliya ɗaya na tashar Three Mile Island a Amurka, mai megawat 835. Dam ɗin Kainji gaba ɗayansa an gina shi ne a kan 760. Kamfani ɗaya fa.

Sannan tashar gas ɗin da kake alfahari da ita, gas ɗin daga ina? Daga bututun da tashoshinmu ke kukan bai ishe su ba. Mai biya da dala a kan lokaci da mai cin bashi, wa dillali zai fara ba wa? Hayaƙin kuma unguwar wa zai shiga? Je ka tambayi mutanen kudancin Memphis a Amurka rigimar da aka yi kan injinan gas na kamfanin xAI.

Maman Ilham:
Baba ya tuna mini. Tun da aka raba mu aji-aji, sannan a Afrilun 2024 aka ce 'yan rukunin A su biya naira 225 su samu awa 20, na gane cewa wuta tana bin mai kuɗi ne kamar ƙuda da mangwaro. Idan babban mai biya ya zo, ai layinsa za a fara gyarawa.

Abba Kwamfuta:
Ko kuma kuɗinsa ya sa a gyara layin da kowa zai amfana, Anti. Mai biya a kan lokaci shi ne abin da harkar wutarmu ta rasa. Ni a ganina babban kwastoma rahama ne.

Barista Abuja:
Yana iya zama rahama, idan an rubuta. Ni ba na cikin masu cewa a hana. Abin da nake so gwamna ko kwamishina ya riƙe kafin ya yanka kintinkiri shi ne takarda mai cewa: ruwa nawa, daga ina, kuma a buga a fili duk shekara. Tarayyar Turai tun dokarta ta 2023 ta wajabta wa duk rumbun da ya kai kilowat 500 ya kai rahoton wuta da ruwansa. Jamus a tata dokar ta 2023 ta ƙara da cewa sababbin da za su fara aiki daga Yulin 2026, idan kwamfutoci suka ci mudu 10 na wuta, sanyaya da sauran tarkace kada su wuce mudu 2. Sai kuɗin jan layi ya zama a wuyan mai rumbu, sai yarda cewa ranar ƙunci shi zai fara sauka. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumominsu, don haka babu gwamnan da zai ce sai Abuja ta yi.

Mai Shayi na Kwana:
Barista, dokar hana zuba shara a kwata ma tana nan a rubuce.

Barista Abuja:
Ka gama da ni, Malam. Amma bambancin shi ne masu zuba shara dubu ɗari ne, rumbuna kuwa ana ƙirga su da yatsu, kuma ba sa gudu da daddare.

Abba Kwamfuta:
Na yarda da buga lissafi a fili, wannan ba ya korar kowa. Na biyan layi ma da sauƙi. Amma na cewa a fara yanke musu, ban yarda ba. Ranar da aka yanke wa rumbun da bankinki ke ciki, Anti, ke ce za ki fara zagi a nan gidan.

Maman Ilham:
Zan zaga mana. Amma in an ce in zaɓa tsakanin POS da ɗakin haihuwa, ka san amsata.

Baba Injiniya:
Barista, ka manta abu ɗaya a takardarka, kuma shi ne wanda za su bi ta kansa. Duk rahoton da ka lissafa, sai da mita yake da amfani, kamar ta ruwan famfo. A ƙasar nan babban mai shan ruwa ba ya zuwa hukumar ruwa, mai haƙa burtsatse yake kira, cikin kwana uku an gama, a bayan katangarsa. A Lekki an riga an ja ruwan ƙasa har gishirin teku yana biyowa. A Kano kuwa ƙarƙashinmu dutse ne, ruwan a 'yan tsagogi yake, ba tafki ba ne. Idan ba a ɗaura mita a bakin kowace rijiyarsu ba, aka kuma haƙa wata ƙarama a gefe wadda ma'aikaci zai riƙa zura awo duk wata yana rubuta zurfin ruwan, rahoton da za su kawo maka labari ne kawai.

Ɗan Dala, a wurin aikinku wa yake karanta mitar ruwan, ku ko hukuma?

Ɗan Dala a Dublin:
Hukumar ruwa tana da tata a bakin get, Baba, mu ma muna da tamu a ciki, kuma ana gwada su biyun. Amma mu famfo muke sha, ba mu da rijiya. Zan shiga duti yanzu, in na fito da safe zan faɗa muku yadda ake yi da ruwan da ya rage a hasumiya bayan tururi ya tafi, domin shi ma da gishirinsa da magungunansa sai an san inda aka zubar.

Baba Injiniya:
To, Allah ya tsare. Ka zo da shi, don mu da muka ga abin da ruwan majemu ya yi wa kogin Challawa muna da tambayoyi a kansa.